Tsohuwar Jita da Wayar Dutsen Guga

Na fi shekara ashirin ina jin muryar jitar nan ta kan katanga kafin hannuna ya taɓa ta. Mai ita maƙwabcinmu ne a unguwar Abakpa cikin garin Kaduna, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna, tsohon akawu, wanda duk layinmu muke kira Baba. Shi ne ke kaɗa wa cocinsu bes, wato jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda mutum ya fi jin ta a ƙirji fiye da a kunne. Kowace Asabar bayan la'asar yakan zauna a barandarsa yana bitar waƙoƙin da za su yi ran Lahadi, ni kuma a daidai wannan lokacin ne nake tuna cewa motata ta yi datti. Motar nan ta sha wanki fiye da ƙima. Matata ta gano ni tun da wuri, takan leƙo ta ce in sassauta kada in kankare fentin.

Ina saurayi a makaranta na ɗan koyi kiɗan a hannun wani abokin ɗakina. Labari ya kai kunnen mahaifina, ya tambaye ni ko karatu ya tura ni ko roƙo, daga ranar ban sake ba. Sai aikin gwamnati ya zo, aure ya zo, yara suka zo, fayil ya bi fayil har furfura ta fito. Amma abin bai mutu a raina ba, kwanciya kawai ya yi. Baba ya sani, domin wata rana ya kama ni ina buga yatsu a kan bokiti daidai da kiɗansa, ya yi dariya.

Zamanmu da shi zaman arziki ne. Lokacin da da yawa daga 'yan cocinsu suka koma tsallaken kogi, shi cewa ya yi ya tsufa da neman sababbin maƙwabta. Mu kai masa naman layya, matarsa ta aiko mana da shinkafar Kirsimeti a babban kwano, har Allah ya karɓi ranta. Bayan rasuwarta da 'yan shekaru shi kuma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, kunnensa ya yi nauyi ƙwarai, Asabar ɗin layinmu ta yi tsit.

A cikin bazarar bara ne 'yarsa, malamar makaranta da ke kula da shi, ta shigo ta gaya mana cewa sun yanke shawarar mayar da shi ƙauyensu, inda ƙannensa suke. Sauran mako uku. Ta kuma ce yana nemana. Na same shi a kujera, jitar a kwance bisa cinyarsa. Baƙa ce, amma fentin ya koɗe a inda hannu ke gogawa har katako ya fito. Ya ce tun yana matashi ya saye ta a hannun wani makaɗin otal, kuma ko a lokacin ba sabuwa ba ce. Yanzu masu sayen tsofaffin kaya sun fara zarya, shi kuwa ba ya so ta tafi inda za a rataye ta a bango. Na ce saya zan yi, ba kyauta zan karɓa ba, muka daidaita ba tare da wata doguwar magana ba. Ranar an ɗauke wuta, kuma amfilifayar da yake amfani da ita, wato na'urar ƙara sauti, ta coci ce, an daɗe da mayar da ita, saboda haka ban gwada jitar ba.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini. Ya ce kafin ya tafi, in kawo ta in kaɗa masa, ko sau ɗaya, ya san a hannun da ya bar ta. Na yi alkawari da baki cike, kamar abin wasa.

Ni mutum ne mai son tsaf-tsaf, har ya zama mini ciwo. A ofis ba na iya aiki idan takarda ta karkace a kan tebur. Ina shiga gida na shimfiɗa jitar a tabarma, na ɗauko tsumma da mai na shiga goge-goge. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun a gidan Baba: wata tsohuwar waya da aka ɗauro daga ƙusar farantin ƙarfen da ke riƙe da gindin tsirkiyoyi, aka bi da ita ta saman jikin jitar zuwa bakin ramin da ake cusa wayar amfilifaya, aka danne ta da salatif baƙi wanda ya narke ya yi danƙo. Kyakkyawar jita irin wannan da tarkace a fuska. Na ce wannan aikin tsofaffi ne, komai sai sun ɗaure. Na sa sukudireba na kwance ta, na ɓare salatif ɗin, na cilla ta gefe. Inda ta tashi ya bar wani siririn layi mai sheƙi, fentin wurin sabo fil kamar yau aka shafa. Matata da ke shara ta zo ta kwashe tarkacen, ban ma kula ba.

Washegari na tashi daga aiki na nufi Babbar Kasuwa, na samo ƙaramar amfilifaya ta hannu. Fulogin da ta zo da shi na wata ƙasa ne, ba ya shiga soket ɗinmu. Na yi abin da kowa ke yi: na yanke fulogin, na fere wayoyi biyu na cusa su a soket, na tokare da tsinken ashana. Ta ukun, koriyar nan da ba a san amfaninta ba, na lanƙwasa ta baya na naɗe.

Da na kunna, maimakon kiɗa sai wani ƙugi ya cika falon, irin na tsohon firij da ya kusa mutuwa. Na ja tsirkiya, sautin ya fito, amma a ƙarƙashin ƙugin yake kamar mai magana a cikin injin niƙa. Na rage murya, na ƙara, na juya gabas, na juya yamma, ƙugi na nan. Matata ta leƙo daga kicin ta tambaya ko janareta na sayo.

Abin da na raya a zuciyata a wannan maraicen, har yau in na tuna sai na ji kunya. Na ce tsohon nan ya san jitarsa ta mutu, shi ya sa ya kira ni ranar da babu wuta. Mutumin da muka yi shekara ashirin ba mu taɓa sa-in-sa ba, a cikin minti biyar na mayar da shi macuci. Ban furta wa kowa ba, amma na kwana da shi a raina.

Mako biyu na yi ina fama. Na kalli bidiyon masu gyara a waya har idona ya yi ja. Na buɗe murfin bayan jitar na tarar da wayoyi ƙanana da ƙura, na hure, na fesa man wanke lantarki a maɓallan murya. Na koma kasuwa na sayo sabon ramin waya da ƙarfen narka dalma, na ƙona babban yatsana, na ƙona ledar tebur, na liƙa abin a karkace na sake warewa. Wani a bidiyo ya ce a shimfiɗa takardar ƙarfe mai ƙyalli a cikin ramin, na cire ta kwalin shayi na shimfiɗa. Ƙugin bai ko gezau ba. Kullum da safe in zan fita sai in ga Baba a baranda yana shan hantsi, ya ɗaga mini hannunsa mai lafiya ya tambayi labarin jita, ni kuma in ce ana nan ana shiri, in ja mota da sauri.

Mai sayar da kayan lantarkin da na dama da zarya ne ya gaji da ni. Ya ce in daina ɓarnar kaya, in tafi Katabu, akwai wani tsohon mai gyaran rediyo da ya bar kasuwa ya koma can, duk abin da ke da waya yana jin maganarsa. Ran Laraba na nemi izini a ofis, na kama hanyar Zariya da jita da amfilifaya a kujerar baya. Sauran kwana uku Baba ya tafi.

Na same shi a wani ɗan shago gefen gidansa, tabarau ɗaure da zare, kewaye da gawarwakin rediyo. Bai ko kalli jitar ba da farko. Wayar amfilifayar ya ɗaga, ya dubi koriyar da na naɗe, ya dube ni, ya tambaya ko ni ma'aikacin gwamnati ne. Na ce haka ne. Ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta. Ya ɗaura fulogi mai ƙafa uku, ya haɗa kowace waya a mazauninta, ya kunna. Ƙugin ya ragu, amma bai tafi ba. Sai ya ce in ɗora hannu a kan tsirkiyoyi. Na ɗora, babu abin da ya canza. Ya ce in taɓa ƙarfen bakin ramin waya. Ina taɓawa shagon ya yi shiru.

Ya yi mini bayani a sauƙaƙe. Ya ce akwai ɓurɓushin lantarki da ke yawo a ko'ina, a bango, a fanka, har a jikin mutum, kuma jita tana kwasarsa. Dole a ba shi hanyar da zai bi ya sauka ƙasa, in ba haka ba sai ya fito ta lasifika. Tsirkiyoyina ba su da wannan hanyar. Ta ciki da masu ƙera jitar suka sa ta tsinke tun da daɗewa. Yana cikin magana yana juya jitar a hasken ƙofa, sai ya tsaya. Ya bi siririn layin nan mai sheƙi da farcensa tun daga farko har ƙarshe.

"Yallaɓai, wa ya cire abin da ke nan?"

Kafin in amsa, ya ce duk wanda ya shimfiɗa wayar nan ya san abin da yake yi, kuma da ganin fentin ta yi shekaru tana aikinta. Nan take na gane. Jitar lafiyarta ƙalau Baba ya miƙo mini. Ni na lalata ta da hannuna a ranar farko, sannan na kwana ina zarginsa.

Mai gyaran ya so ya zura sabuwar waya ta ciki yadda ba za a gan ta ba. Na ce a'a, ya bi da ita ta waje, kan layin nan, yadda na same ta. Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi yadda na ce. A shagonsa jitar ta yi magana garau, mai zurfi, irin wadda na sani ta kan katanga. Na yi masa godiya har ya gaji da amsawa.

Na dawo gida ina murna, na jona, sai ga ƙugi ya dawo. Bai kai na da ba, amma yana nan, kuma in na taɓa tsirkiya ba takalmi sai in ji tana ɗan jan yatsana. Na zauna a ƙasa na rasa abin yi. Matata ce ta ce, tun da mai abin yana bayan katanga da ransa, me ya hana ni tambayarsa in ba girman kai ba. Na ji haushin maganar, domin gaskiya ce.

Ran Alhamis da yamma na ɗauki jitar na shiga wurin Baba. An riga an ɗaɗɗaure kayansa a buhuna. Na ɗora masa ita a cinya. Ya shafa wuyanta, ya gangaro, yatsunsa suka sami wayar, suka tsaya.

"Wannan ba tawa ba ce," ya ce.

Dole na faɗi gaskiya. Abin da ya ƙara mini wuya shi ne kunnensa: sai an kai baki kusa an ɗaga murya. Haka na yi ta kwarara laifina da ƙarfi, 'yarsa na ji daga tsakar gida, ina jin har masu wucewa a layi sun ji. Na gaya masa na cire, na yar. Na gaya masa har zarginsa na yi, na roƙe shi gafara.

Zargin dariya ya ba shi. Maganar wayar ce ta taɓa shi. Sannan ya ba ni labarinta a hankali, harshensa na ɗan sarƙewa. Ya ce wata Lahadi da sassafe, yaransu na ƙanana, jitar ta tashi da ƙugi ana saura kaɗan a shiga sujada. Ya gane abin da ya tsinke, amma babu waya a gidan. Matarsa tana tsaka da guge masa riga, sai ta zare dutsen gugar daga wuta, ta sa wuƙa ta yanke igiyarsa, ta zaro masa waya ɗaya. Shi ya ɗaura, ita ta danne da salatif. A ranar, da riga rabi a goge rabi a yamutse ya tsaya gaban jama'a, kuma wata biyu suka yi suna guga da dutsen gawayi. Bai taɓa canza wayar ba, salatif kawai yake ƙarawa.

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na shige. Ya ga fuskata, ya dafa hannuna ya ce in bar shi, waya ce, ta yi aikinta. Daga nan ya juya maganar, ya tambayi abin da ke damun jitar yanzu. Na gaya masa a Katabu shiru, a gidana ƙugi.

"Ka ba ƙasa ruwa?" ya ce.

Ban gane ba. Ya ce kowane gida da aka ja wa wuta yadda ya kamata yana da ƙarfen da aka binne a ƙasa, inda wayar nan ta uku take ƙarewa. In ƙasar wurin ta bushe, ƙarfen ya zama hoto. Su a cocinsu, duk rani, kafin a kunna kayan kiɗa sai ya zagaya bayan gini da bokitin ruwa ya zuba a gindin ƙarfen, shekara da shekaru, har sababbin zuwa suna zaton wata al'ada ce ta addu'a. Nan na tuna cewa shekara biyu da suka wuce na sa an malale tsakar gidana da siminti, saboda ba na son ganin taɓo. Ƙarfen gidana yana can ƙarƙashi, ko ɗigon ruwan sama bai ƙara gani ba. Tsaf-tsaf ɗina ne ya sake cina.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'yar Baba ta riƙo shi suka zagayo gidanmu. Aka ajiye masa kujera a inuwar gwaiba, wurin da ya rage da ƙasa a gidan. Na kira mai gyaran wutar unguwa don ya ja waya daga mita, amma umarni na Baba ne, yana nuni da sanda. Na haƙa rami da kaina har hannuna ya yi kanta. Muka kafa sabon ƙarfe. Ya ce a kawo gishiri da gawayi a zuba a kewaye, su ne ke riƙe danshi. Matata ta kawo gishiri a kwano, ta koma ta jawo buhun gawayinta, ta durƙusa tana kwance bakinsa.

Ni na fara gani. Abin da ta ɗaure bakin buhun da shi waya ce tsohuwa, da guntun salatif baƙi manne a jikinta. Matata ba ta yar da komai. Leda, kwalba, igiya, murfin da ba shi da tukunya, duk tana da inda take tarawa, kuma shekara talatin muna faɗa a kan wannan hali nata. Ranar da ta share tarkacena ta ga waya mai ƙwari, ta ce za ta yi amfani.

Na karɓa, na goge baƙin gawayin a rigata ta Juma'a, na sa wa Baba a tafin hannu. Ya murza ta da yatsu. 'Yarsa ta juya baya tana gyara ɗankwali. Na ce bari in cire sabuwar in mayar da wannan mazauninta, ya girgiza kai, ya naɗe ta a hankali da hannu ɗaya, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Muka rufe ramin, na zuba bokiti uku. Sai kuma babu wuta. Muka koma falo muka zauna jiran tsammani, matata ta kawo kunun zaƙi, ana ta 'yar hirar da ba ta da kai. Ni dai idona na kan fanka. Ana dab da la'asar sakaliya ta fara juyawa.

Na jona, na kunna. Na san ba zai ji ƙugi da kunnensa ba ko da yana nan, shi ma ya sani. Ya ce a matso masa da amfilifayar, ya shimfiɗa tafin hannunsa mai lafiya a kan ƙyallen lasifikar, ya rufe ido. Ban taɓa tsirkiya ba tukuna. Ya daɗe a haka.

"Ya yi shiru," ya ce. "To, kaɗa."

Ban san waƙa ko ɗaya ta kirki ba, sai wadda na fi ji ta kan katanga, wadda har yau ban san kalmominta ba. Ita na kama, da yatsu masu tauri da ƙunar dalma. Na yi kuskure ya fi a ƙirga. Hannunsa na kan lasifika, ƙafarsa ta dama tana buga ƙasa. 'Yarsa ta fara rerawa ƙasa-ƙasa da harshensu. Da na kai ƙarshe ya buɗe ido, ya ce ina sauri, bes ba ya gudu, shi ake bi. Ya ce in sake. Na sake sau uku, har ya ce ya isa.

Da safiyar Asabar motar ta zo. Na taya su loda buhuna, na riƙe shi ya shiga gaba. Na so in yi masa doguwar godiya, ta shekara ashirin na kiɗan da na sha ta kan katanga, da yafiyar da ya yi mini a sauƙaƙe, amma duk sai an ɗaga murya, ga mutane tsaye. Na dai riƙe hannunsa. Ya dafa aljihun gaban rigarsa ya tabbatar abin na nan, sannan ya ce kada in manta da ruwan.

Ban manta ba. Kowace Asabar bayan la'asar ina cika bokitin da na saba wanke mota da shi, in kai gindin gwaiba in juye, sannan in shiga in ɗauko jitar. Buhun gawayi kuwa, ni da kaina na sayo wa matata igiya sabuwa, kuma tun ranar ban ƙara ce mata ta yar da komai ba.